Jiragen Siminti da Masu Lissafi: Ina Ilimin Tsara Aiki Ya Tsaya a Tsarin Raya Ƙasa?

A tsakiyar shekarar 1975, duk wanda ya tsaya a gaɓar teku a Legas ya hanga, jiragen ruwa zai gani jere har inda ido ya ƙare. Sun haura 400, galibinsu maƙare da siminti, kowanne yana jiran a ba shi wurin sauke kaya a Apapa. Hukumomin gwamnati sun yi odar siminti kusan tan miliyan 20, Ma'aikatar Tsaro ita kaɗai ta nemi tan miliyan 16, alhali tashar ba ta iya sauke abin da ya wuce kamar tan miliyan ɗaya na siminti a shekara. Jirage suka shafe watanni a tsaye, ana biyan masu su kuɗin jira na dubban daloli kowace rana, simintin kuma yana shan danshin teku yana daskarewa. Magunguna da kayan abinci da na masana'antu duk suka maƙale a bayan layi.

A wannan shekarar ce Nijeriya ta ƙaddamar da Tsarin Raya Ƙasa na Uku, na 1975 zuwa 1980, wanda aka yi wa kasafin naira biliyan 30. A wannan shekarar ce kuma aka ba Leonid Kantorovich na Tarayyar Sobiyet da Tjalling Koopmans lambar Nobel ta tattalin arziki, saboda aikinsu a kan yadda za a raba abin da bai wadata ba ta hanyar da ta fi riba. Abin dariya, abin takaici, shi Koopmans ya fara wannan aiki ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana lissafin yadda za a juya jiragen dakon kaya tsakanin tashoshi ba tare da sun yi ta yawo fanko ba. Ilimin da zai hana abin da ya faru a Apapa ya haura shekara talatin a duniya. Kai, ba ma sai an je ga ilimin ba. Ɗan firamare da ya iya raba 20 gida 1 zai ce wannan kaya sai an shekara ashirin ana saukewa.

Ilimin da ake magana a kai Turawa suna kiransa binciken gudanar da aiki, mu kuma bari mu ce masa lissafin tsara aiki. A fagen yaƙi aka haife shi. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu da cikinsa, sojojin Birtaniya suka tara masana kimiyya, fitaccensu Patrick Blackett, suka ce su duba yadda ake amfani da makaman da ke hannu, tun da ƙera sababbi yana ɗaukar lokaci. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka gano ya shafi ayarin jiragen ruwa da ke tsallaka Tekun Atalantika. Hafsoshi suna ganin ƙaramin ayari ya fi tsira daga jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus. Da aka zauna da alƙaluman hasarar da aka yi, sai ga shi babban ayari ne ya fi tsira, domin idan ka ninka yawan jirage, kewayen da masu rakiya za su tsare ba ya ninkuwa. Madugan Azbin da suke haɗa dubban raƙuma zuwa Bilma da sun ji wannan da ba su yi mamaki ba.

Can a Leningrad kuma, a 1938 wani kamfanin gwamnati mai yin falankin katako ya kawo wa Kantorovich tambaya: ga injuna iri-iri, ga katako iri-iri, wane inji za a ba wane aiki har a fi samun kaya? Amsar da ya buga a 1939 ita ce tushen abin da ake kira liniya furogiramin. George Dantzig, yana yi wa rundunar sojan saman Amurka aiki, ya fito da hanyar warware irin wannan lissafi a 1947, ba tare da sanin aikin Barashen ba.

Mene ne cikin lissafin? Abu uku ne: abin da kake so ka ƙure samunsa, zaɓin da ke gabanka, da dabaibayin da ke ƙafarka. Ɗauki magidanci a ƙauye mai gona eka shida, shi da 'ya'yansa biyu. Zai iya shuka gero, dawa, gyaɗa, wake ko auduga. Dabaibayinsa kuwa su ne faɗin gonar, kuɗin taki, hatsin da dole ya shiga rumbu kafin a yi zancen na sayarwa, da yawan kwanakin aiki da hannaye shida za su iya yi a kowane wata. Lissafin zai gaya masa eka nawa zai ba kowane amfani. Sai dai ba wannan ce babbar kyautarsa ba. Yana kuma faɗin abin da za a ƙaru da shi idan aka sassauta kowane dabaibayi da taku ɗaya, wato abin da masana ke kira farashin ɓoye. Idan a lokacin noman firi da maimai hannayen gidan sun riga sun ƙare, to ko dagaci ya ƙara masa eka goma kyauta, ciyawa ce za ta cinye su. Farashin ɓoye na ƙasa a wurinsa sifiri ne, na yinin ɗan ƙodago ɗaya a watan Yuli kuwa ya fi na kowane wata tsada.

Wannan ba misalin kan takarda kaɗai ba ne. David Norman da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun bi manoma a ƙauyukan Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau cikin shekarun 1960, suna rubuta aikin da kowane gida ya yi da abin da ya girbe. Malaman gona na lokacin suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne, suna kuma ƙorafin manoma ba sa shuka auduga da wuri yadda aka umarta. Alƙaluma suka nuna manomin ya fi malamin lissafi. Watannin Yuni da Yuli ne maƙogwaron shekararsa, haɗa shukar ya fi biyan wahalar waɗannan kwanaki kuma ya rage kasadar tashi a tutar babu, audugar kuma tana jira ne sai an gama da abin da za a ci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, idan wannan lissafi ya yi wa gona ɗaya da masana'anta ɗaya aiki, me zai hana a yi wa ƙasa ɗungurungum? Tambayar da ta kama zukatan shugabannin ƙasashen da suka sami 'yanci a shekarun 1950 da 1960 ke nan. Kayan aikin ma ya samu. Wassily Leontief ya riga ya ƙirƙiro jadawalin da ke nuna abin da kowane sashe na tattalin arziki ke saya daga kowane sashe: kafin a sami tan ɗaya na ƙarfe, kwal nawa, lantarki nawa, dakon jirgin ƙasa nawa, shi kuma jirgin ƙasan ƙarfe nawa yake ci. Idan ka haɗa wannan jadawali da lissafin Dantzig, ka sa kuɗin waje da ajiyar cikin gida da ƙwararrun ma'aikata a matsayin dabaibayi, a ƙa'ida sai na'ura ta fito maka da tsarin shekara biyar da babu wanda ya fi shi.

Indiya ce ta fi kowa ɗaukar abin da gaske. Prasanta Mahalanobis, wanda ya kafa Cibiyar Ƙididdiga ta Indiya a Kalkata a 1931, shi ne ya aza ginshiƙin Tsari na Biyu, na 1956 zuwa 1961. Samfurin lissafinsa ya raba jari gida biyu da farko, daga baya huɗu, kuma hujjarsa a sarari take: ƙasar da ta zuba jari a injunan da ke ƙera injuna za ta sha wuya a farko, amma nan da shekara ashirin za ta wuce wadda ta tsaya a saƙa tufafi da yin sabulu. Firayim Minista Nehru ya gamsu. Aka gina manyan masana'antun ƙarfe uku, Bhilai da taimakon Sobiyet, Rourkela da na Jamus ta Yamma, Durgapur da na Birtaniya. Ba a ci shekara biyu ba kuɗin wajen da Indiya ta tara suka zube, dole a 1958 aka datse tsarin. Samfurin ya ɗauka cewa cinikin waje ba wani abin dogaro ba ne, bai kuma ba abinci matsayin da ya kamace shi ba. Masana biyu na Bombay, Vakil da Brahmananda, sun yi gargaɗi tun a lokacin cewa ma'aikacin da ka ɗauka ya gina masana'anta shinkafa da tufa zai saya da albashinsa, idan babu su kuma farashi ne zai tashi. Farin 1965 da 1966 ya sa Indiya ta koma dogaro da alkamar Amurka. Ba a kama Mahalanobis da kuskuren lissafi ba. Abin da ya bari a waje ne ya dawo ya ci tsarin. Duk da haka, adalci ne a ce ya bar wa ƙasarsa gadon da ya fi samfurin daɗewa: binciken gidaje na ƙasa da aka fara a 1950, wanda ya sa Indiya ta san talakanta da alƙaluma tun kafin yawancin ƙasashe su fara tunanin haka.

A Nijeriya matsalar ta fara ne tun daga nan. Wolfgang Stolper na Jami'ar Michigan ya zo Legas a 1960 ya jagoranci ƙaramin ofishin da ya rubuta tsarin farko, na 1962 zuwa 1968, wanda a cikinsa aka gina madatsar Kainji. Da ya koma gida ya rubuta littafi a 1966, sunansa kaɗai ya isa labari, domin ma'anarsa ita ce yin tsari ba tare da sanin haƙiƙanin abubuwa ba. Stolper masanin lissafin tattalin arziki ne na gaske, amma ra'ayinsa shi ne a inda alƙaluma ba su da tushe, gara a auna kowane aiki shi kaɗai, a ga ko zai mai da kuɗinsa kuma ko baitulmali zai iya ɗaukar nauyin tafiyar da shi, da a gina ƙaton samfuri a kan yashi. Masana na gida irin su Ojetunji Aboyade sun ga tsarin ya cika ɗari-ɗari, bai da burin sauya fasalin tattalin arzikin da Turawa suka bari. Kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma har yau ba a raba wannan gardama ba.

Yadda alƙaluman suke kuwa, ga kaɗan. Turawa biyu da suka fara ƙiyasta arzikin Nijeriya na 1950 zuwa 1951, Prest da Stewart, da suka zo kan aikin da mata ke yi a gida sai suka kimanta shi da kuɗin aure. Pius Okigbo, da ya sake lissafin, ya cire wannan. Ƙidayar jama'a ta 1962 an soke ta, ta 1963 ta ba da miliyan 55.7 cikin rigima, ta 1973 an soke, ta ƙarshe kuma ita ce ta 2006. A watan Afrilun 2014, da Hukumar Ƙididdiga ta sauya shekarar ma'auni daga 1990 zuwa 2010, arzikin ƙasa a takarda ya tashi daga kusan dala biliyan 270 zuwa 510 a yini ɗaya. Gana ta ga irin haka a 2010, nata ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ba wanda ya wayi gari da ƙarin ko sisi a aljihu. Tsohon ma'aunin ne bai san da wayar salula da finafinai ba. Ka tuna kuma cewa lissafin liniya yana da wani hali: amsarsa tana zama ne a ƙurya, ƙaramin sauyi a lamba ɗaya yana iya sa ya ce a bar auduga kacokan a koma gyaɗa. Na'urar da ke da irin wannan kaifi, aka ɗura mata alƙaluman da kuskurensu ya kai rabi, za ta ba da amsa mai ɗigo da lambobi huɗu a bayansa, minista kuma ya ɗauka wahayi ne.

Ko da alƙaluman jiya sun inganta, akwai na gobe. Tsari na Huɗu, na 1981 zuwa 1985, an yi masa kasafin naira biliyan 82 bisa zaton man fetur zai ci gaba da tsada kuma za a ci gaba da haƙo ganga kusan miliyan biyu a rana. Kasuwa ta juya tun tawada ba ta bushe ba. A Afrilun 1982 gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, a 1986 ganga ta faɗo ƙasa da dala 15, aka shiga shirin gyaran tattalin arziki na SAP, daga nan aka jingine zancen tsarin shekara biyar. Nijar ta sha irin wannan da yuraniyom: tsarinta na 1979 zuwa 1983 ya hau kan farashin da ya karye a farkonsa. A nan laifin masu tsarin ya fi fitowa, domin fannin yana da reshe guda na yanke shawara cikin rashin tabbas, wanda ke tambayar wane tsari ne zai rayu ko farashi ya hau ko ya sauka. Amsarsa kullum takan zama a rage buri a yi ajiya, abin da ba a cin zaɓe da shi.

Kada a ce duk inda aka gwada an faɗi. Koriya ta Kudu ta yi amfani da jadawalin Leontief wajen tsarinta na biyu, na 1967 zuwa 1971, da taimakon masana irin su Irma Adelman. Amma abin da ya riƙe tsarin shi ne awo da bibiya: kowane wata shugaban ƙasa yana zama da ministoci da 'yan kasuwa a duba abin da aka fitar waje, wanda ya gaza a janye masa rancen banki mai sauƙi. Kuma babban aikin da ya fi yi musu suna, kamfanin ƙarfe na POSCO, Bankin Duniya ya auna shi ya ce ba zai biya ba. Suka nemo kuɗi daga Japan, a 1973 ƙarfe ya fara fita. Mu kuma masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, da aka ba da kwangilarta a 1979, har yau ba a kunna babbar tanderunta ba. Mai son ya ce lissafi ne ya raba waɗannan biyun, sai ya yi bayanin yadda wanda lissafi ya hana ne ya tashi. Cile a zamanin Shugaba Allende ta gwada wata hanyar, inda masani Stafford Beer ya haɗa masana'antun gwamnati da na'urorin teles zuwa ɗaki ɗaya a Santiyago. Amfanin da aka fi tunawa da shi shi ne juya motocin abinci da mai lokacin yajin aikin direbobin manyan motoci a Oktoban 1972. Juyin mulkin 11 ga Satumban 1973 ya rufe ɗakin kafin a san iyakar abin da zai iya.

A ganina, idan aka bi tarihin nan a tsanake, wurin da fannin ya ci nasara a ƙasashe masu tasowa yana da kama ɗaya. Birazil tana samun yawancin lantarkinta daga madatsun ruwa, kuma kullum tambayar ita ce a saki ruwa yau a sami wuta mai arha, ko a adana shi saboda fari a ƙona gas mai tsada. Shekaru da dama ke nan samfurin lissafi, bisa hanyar da Mario Pereira ya fito da ita, yake ba wa ruwan da ke cikin madatsa farashinsa na ɓoye, da shi ake tsara wace tasha za a kunna. Bai hana su rabon wuta na 2001 ba, lokacin da aka tilasta rage amfani da kashi 20 cikin ɗari, domin lissafi ba ya gina tashar da ba a gina ba. A Cile, tun ƙarshen shekarun 1990 hukumar ciyar da 'yan makaranta ta koma ba da kwangila ta gwanjon da kwamfuta ke tantancewa cikin dubban tayi, kuɗin da aka rage ya ciyar da ƙarin yara, hanyar sanayya kuma ta ƙuntata. Hukumar Abinci ta Duniya tana amfani da irin wannan lissafi wajen zaɓar abin da za ta sa a buhun agaji, inda za ta saya da hanyar da za ta bi, har ta ci babbar lambar fannin, ta Franz Edelman, a 2021. Kakan wannan lissafi shi ne na George Stigler, wanda a 1945 ya nemi abinci mafi arha da zai riƙe mutum shekara, ya samu dala 39.93 da farashin 1939. Da aka bi ta hanyar Dantzig aka samu 39.69. Abincin Stigler garin alkama ne da kabeji da alayyafo da wake da madarar gwangwani, kullum, shekara guda. Jiki zai ɗauka, amma ba na jin akwai gidan da za a yi sati ba a yi yaji ba.

A duk waɗannan, tambayar tana da iyaka, abin da ake aunawa ana iya auna shi da mita ko sikeli, akwai hukuma ɗaya da amsar ta shafa kuma take da ikon aiki da ita, sannan gobe za a sake lissafin a gyara kuskuren yau. Nijeriya cike take da irin waɗannan tambayoyi da ba a ba masu lissafi ba, ko an ba su an ajiye amsar a durowa: rabon taki kafin ruwa ya sauka, inda za a kafa rumbunan hatsi, jadawalin sakin ruwa a Kainji da Jebba da Shiroro, layin tireloli a Apapa, wurin da ya dace da asibitin haihuwa a ƙaramar hukumar da ƙauyukanta suka warwatsu. Ba su da kwarjinin Tsarin Ƙasa mai babban bango, shi ya sa ba a kiran 'yan jarida a kansu.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi alƙaluma wuya. Kafin na'ura ta fara aiki sai an gaya mata abin da za ta ƙure, kuma wannan layi ɗaya ba masanin lissafi ke da hakkin rubuta shi ba. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, don a shayar da noman rani a Kadawa da Kura a kuma ba birnin Kano ruwa. Idan abin da aka sa a lissafi shi ne shinkafa da alkama da tumatir na ƙasar Kano, aikin ya biya. Amma ruwan da aka tare shi ne wanda a da yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru har Gashuwa, inda masunta da makiyaya da masu shinkafar fadama da masu itace suke ci, kuma yawancin abin da suke samu ba ya shiga littafin kowace hukuma. Edward Barbier da Julian Thompson sun auna ɓangarorin biyu a shekarun 1990, suka samu cewa ribar noman ranin sama ba ta rufe ko kusa da hasarar fadamar ƙasa ba, suka kuma nuna cewa sakin ruwa da gangan a lokacin damina zai rage ɓarnar sosai. Lissafin da ya ce a gina da wanda ya ce an yi hasara duk lissafi ne. Bambancinsu wanda aka ƙidaya. Ruwan da ke gudana rani da damina ba tare da tsohuwar ambaliya da janyewarta ba ya kuma ba kacalla damar toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki, ta zama gidan jan baki. A 2006 jihohi shida da wannan ruwa ya shafa, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato, suka yi taro a Damaturu suka kafa asusun kula da shi. Yawan ruwan da za a saki daga Tiga a watan Agusta lamba ce da kwamfuta za ta fitar cikin daƙiƙa, da zarar an gaya mata buhun shinkafar Kura nawa ne daidai da kwandon kifin Nguru, kuma wa zai sa hannu a kan haka.